Za mu hau Mambila da babura, wanda ya san hanyar ya zo ya raba mu

Abba Zoo Road:
Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne abokai tun sakandare, mun ƙulla cewa bana in Allah ya kai mu za mu hau tsaunin Mambila da babura, kuma ba wai mu tsaya a kwalta mu yi hoto mu dawo ba, so muke mu shiga ƙauyuka ta burji da hanyar shanu har inda babur zai iya kai mutum. To tun ba a tashi ba rigima ta ɓarke, biyu daga cikinmu suna da manyan baburan nan na waje masu inji 650cc, uku Boxer gare su sai ni mai Haojue, masu manyan suna cewa za mu zame musu kaya a hanya mu kuma muna cewa su ne dai za su zame mana. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya yi mana alƙalanci. Sannan wane wata ya fi dacewa?

Sarkin Zolaya:
Bakano da hawan dutse? Ku da iyakar saninku Dala da Goron Dutse. Ku je ku hau Dala tukuna in kun sauko ba haki sai a yi maganar Taraba 😂

Abba Zoo Road:
Kai Bazazzage yi mana shiru, ku ban da Kufena me kuka ajiye

Ɗan Gembu:
Wa alaikumus salam. Abba sannunku da niyya, Allah ya kawo ku lafiya, ni a Gembu aka haife ni kuma har yanzu iyayena suna can. Bari na fara da batun wata tunda shi ne babba. Kada ku kuskura ku zo da damina, kuma daminarmu ba irin taku ba ce ta wata huɗu, tun wajen Afrilu ake tafka ruwa har Oktoba wani sa'in ya leƙa Nuwamba. Ƙasarmu ja ce mai yumɓu, in ta jiƙa sai ka ce an shafa mata sabulu, kuma taɓon yakan cushe tsakanin taya da modigad har tayar gaba ta daina juyawa sai ka sauka ka nemi itace kana ƙwaƙulewa, ka yi gaba kaɗan ka sake sauka. Ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba shi ne daidai, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, ba a fara ƙona daji sosai ba kuma ƙurar hunturu ba ta rufe tsaunuka ba. In kuka bari sai Fabrairu ƙura kawai za ku sha, hoton ma ba zai yi kyau ba.

Hanya kuma daga Jalingo ku bi ta Garba Chede ku faɗa Bali, daga Bali sai Serti, daga Serti sai Mayo Selbe, to nan ne gindin dutsen. Daga nan hawa ne zalla kwana a kan kwana, za ku ji direbobi suna ambaton Hawan Biyu da Sisi da Tungan Ahmadu, ɓangare ɗaya dutse ɗaya ɓangaren rami, kana cikin tafiya sai ka ji iska ta sauya kunnenka ya toshe, ka fito Maisamari, sai Nguroje, sai Gembu. Wannan duk titin mota ne duk da akwai wuraren da ya lalace. Abin da kuke nema sai kun bar shi sannan zai fara.

Baban Amira:
Abba ka gaya wa abokanka masu manyan babura gaskiyarsu ce. Ni ba raina Boxer nake ba amma lissafi ne, saman Mambila yana kai mita 1,600 sama da teku wasu wuraren sun fi haka, kuma duk mita 300 da ka hau inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa saboda iska ta yi ƙaranci, ka ga kafin ka isa Nguroje ka zubar da wajen kashi 15. Babur mai 650 ko a jikinsa. Boxer 100 kuwa da ma can ƙarfin nata nawa ne, ka ɗora mata ƙato mai kilo 90 da jaka da jarkar mai, a giya ɗaya za ka yini tana kuka. Ga birkin faranti gaba da baya, ga dogon shok, ga tayar gaba babba da ke haye rami ba ta faɗa ciki ba. Don irin wannan hanya aka ƙera su fa.

Oga Ladan Bakanike:
Alhaji Baban Amira ranka ya daɗe lissafinka daidai ne a takarda. Amma tambaya ɗaya zan yi maka, wannan babur ɗin naka kilo nawa ne? Da mai da akwatuna ya haura 200. Boxer ba ta fi 120 da ɗoriya ba. To ranar da ya kwanta da kai a gefen gangare ƙafarka tana ƙasa wa zai ɗaga, kuma ba sau ɗaya zai kwanta ba don a irin hanyar nan kowa sai ya faɗi, gwani da ɗan koyo. Faɗuwar farko ka ɗaga da ƙarfinka, ta biyu abokai su taya ka, ta huɗu kowa ya gaji da kai. Na biyu kuma in wayar kuloci ta tsinke wa Boxer a ƙauyen da ko sabis babu, yaron bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya yana da ita a cikin buhunsa, in famfon mai na babban babur ya mutu fa? Sai dai a nemo mota a ɗauko shi, motar ma in tana iya shiga. Kuma mai a can ciki na kwalba ne da galan wajen 'yan bumburutu, wani da ruwa wani da datti, kafireta za ta haɗiye ta yi tari ta wuce, in ta ƙi ka kwance ta ka hure ka mayar cikin minti 20, injektan da ke cikin manyan baburan nan maimakon kafireta ba ya yafe wannan.

Baban Amira:
Oga Ladan ai akwai matatar mai da ake sawa a bakin tanki, ba tsada. Kuma mutane suna ratsa Afirka gaba ɗaya da irin waɗannan baburan.

Oga Ladan Bakanike:
Suna ratsawa a kan babbar hanya Alhaji, ka tambaye su nawa ne suka bi hanyar shanu

Ɗan Gembu:
Bari na ƙara wa Oga Ladan hujja ɗaya. In kuna son ƙetarawa ɓangaren Mbamnga sai kun gangara kogin Donga da ke ƙasan Gembu, kuma a kwalekwale muke haye da babura, mutum biyu su ɗaga Boxer su kwantar da ita a ciki a jera uku huɗu a tura. Na taɓa ganin wani baƙo da ya zo da ƙaton babur, masu jirgi suka taru a kansa ana ja ana turawa, jirgin yana tangaɗi ruwa yana shiga ta gefe, shi kuma yana tsaye a bakin ruwa ya ɗora hannu a ka yana salati, daga ƙarshe sun haye da shi amma kuɗin mutum biyar ya biya. Ku duba abin da 'yan acaɓanmu suke hawa, su da ke ɗauko buhun masara da dankalin turawa daga ƙauye kullum ta Allah, ba za ka ga kowa da 650 ba, kuma ba duka ne don rashin kuɗi ba.

Injiniya Mubarak:
Ni a ganina duk kun tafi ƙarshe ƙarshe. Abin da ya dace da wurin nan shi ne matsakaici, irin baburan da ake ba malaman gona da ma'aikatan rigakafi a da, Yamaha AG ko Honda XL, 125 zuwa 200, dogaye marasa nauyi masu taya mai gurji. In ana samun na hannu mai lafiya ya fi duka biyun. Amma tunda abin da kuke da shi kenan to ku gyara Boxer ɗin kawai.

Abba Zoo Road:
To Oga Ladan me za mu yi wa namu kafin mu tashi? Ka yi mana dalla dalla don wlh mu iyakarmu mu hau mu murza totur

Oga Ladan Bakanike:
Toh saurara. Taya ita ce farko, ku cire wannan sulɓaɓɓiyar ta gari ku sa mai manyan haƙora gaba da baya da sabon tib mai kauri, kuma in kun shiga burji ku rage iska kaɗan don ta kama ƙasa amma kada ku rage da yawa dutse ya tsunkule tib. Kaca da siroket ku sa sababbi gaba ɗaya kada a yi haɗin gambiza sabuwa da tsohuwa, kuma ka ce wa bakanikenka ya sa maka siroket ɗin baya mai haƙora fiye da na kamfani da uku ko huɗu, gudu zai ragu amma za ta hau dutse ba sai kana ƙona kuloci ba, ai ba tsere za ku je ba. Sabon layinin birki, sabon baƙin mai, a wanke matatar iska. Batun da Alhaji ya kawo na ƙarancin iska gaskiya ne, a sama mai yana rinjayar iska a kafireta sai ka ji babur yana shaƙewa fulogi ya yi baƙi, kada ku taɓa komai a Kano, ku bari sai kun isa Nguroje ku ba bakaniken can ya daidaita muku, shi kullum aikinsa kenan, in kun sauko a mayar. Guzuri kuma kowa ya riƙe fulogi biyu da wayar kuloci da ta totur da mahaɗin kaca, sannan a raba tib da kayan faci da famfo da sufana 10 da 12 da 14 da 17 da filaya da igiyar roba a tsakaninku, ba sai kowa ya ɗauki komai ba.

Amma abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne gangara. Hawa ba ya kashe mutum kamar sauka. Birkin Boxer na ganga ne, in ka danne shi tun daga sama ba sassautawa zai yi zafi, ka taka ka ji ya tafi ƙasa babu komai. Ka saka giya biyu ko ɗaya ka bar inji ya riƙe ka, birki kana taɓawa kana saki. Za ku ga 'yan gari suna kashe inji su sake ta a firi don tsimin mai, kada wanda ya kwaikwaye su, su sun san kowace kwana da sunanta kuma duk da haka ana rasa wasunsu.

Ɗan Gembu:
Wannan haka yake wlh. Kuma ku kula da waya mai ƙaya, masu shanu suna kewaye makiyayarsu da ita, wani wurin hanyar ma ta cikin shingen ta bi akwai ƴar ƙofa ta itace, in ka buɗe ka wuce to na ƙarshe ya rufe. Barin ƙofar nan a buɗe shanu su fita su shiga gonar wani ba ƙaramar fitina ba ce a wajenmu.

Kawu Bala Mai Ritaya:
Yara duk na karanta, kuna ta taya da kaca babu wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. A Najeriyar yau babura shida a jere cikin daji, kowa da jaka a baya fuska a rufe da hular kwano, me kuke tsammanin mutumin ƙauye zai ɗauka in ya hango ku? Ko ɗan banga da ke bakin gari da bindigar toka? Ba zai tsaya tambayar ko 'yan yawon buɗe ido ne ba. Don haka shawarata kada ku tuƙa daga Kano, ku loda baburan a mota har Serti ko ma Nguroje ku kuma ku bi motar haya, da ma cikin garin Jalingo an daɗe da hana hawa babur. In kun isa ku fara kai kanku ofishin 'yan sanda ku faɗi ko ku su waye da inda za ku, kowa da katin shaidarsa da takardun babur na asali. Duk ƙauyen da za ku shiga ku tsaya daga bakin gari ku cire hula a ga fuskarku, a kai ku wajen Jauro ku gaishe shi. Kuma la'asar ta yi muku a inda za ku kwana. Banda tafiyar dare ko da wasa, musamman tsakanin Bali da Serti ku tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a satin da za ku wuce, labarin wata uku baya ba ya aiki.

Abba Zoo Road:
Kawu Allah ya ƙara girma, gaskiya wannan bai zo mana a rai ba sam. Amma masu manyan baburan za su ce ai daɗin abin a tuƙa tun daga gida

Kawu Bala Mai Ritaya:
Su tuƙa su kaɗai ku haɗu a Serti.

Ɗan Gembu:
Kawu ya gama magana. Ƙari a kai ku ɗauki ɗan acaɓa ɗan gari ya zama jagoranku ku biya shi kuɗin yininsa da mai, ba don hanya kaɗai ba, a saman nan Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausa tana yi a gari amma akwai rugar da za ka shiga sai da Fulatanci, ga Mambilawa ga Kaka ga Panso ga Kambu kowa da harshensa. In mutane suka ga ɗan wane ne a gaba hankalinsu ya kwanta. Taswirar waya kuma ku manta da ita, za ta nuna maka hanya ka je ka tarar ruwa ya cinye ta tun bara.

Malam Tichan Tarihi:
Tunda an zo nan bari na ɗan saka baki ko da ba babur nake hawa ba. Yankin nan da can ba cikin Najeriya yake ba, Kamarun Jamus ne, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya aka yi lardin Sardauna, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar da Gembu take hedikwatarta Sardauna ce. Jihar Taraba kanta sai 1991 aka cire ta daga Gongola. Abin da ya sa na kawo wannan, iyakar tana kusa ƙwarai kuma a daji ba shinge ba allo, wajen Dorofi ko Kan Iyaka kana iya bin hanyar shanu ka tsinci kanka a Kamaru ba ka sani ba, kuma ta kudu yankin masu Turancin Ingilishi ne da ake rikici tun wajen 2017. Jandarma ba zai saurari ai yawo muka fito ba.

Sarkin Zolaya:
Malam ka manta ba ka ba su tarihin wutar Mambila ba, megawat 3,050, su tafi da caja su jona a can 😂😂

Malam Tichan Tarihi:
Wannan tun kafin a haife ka ake maganarta, bar ta kawai

Anti Nas:
Ƙannena ni dai ta ɓangarena zan yi magana. Hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, ba irin ta leburan gini ba. Takalmi mai rufe idon sawu saboda yawancin abin da muke gani daga faɗuwar babur karayar ƙafa ce da ƙunar salansa, safar hannu, da abin gwiwa ko na gwanjo ne. Ku haɗa ƙaramar jaka da bandeji da filasta da maganin wanke ciwo da na ciwon jiki da gishirin zawo, kuma a samu mutum biyu a cikinku da suka iya tsayar da jini da ɗaure karaya da itace, don daga ƙauye zuwa asibiti sa'o'i ne a kan hanyar da lafiyayye ma yana jin jiki. In mutum ya bugu a kai ko wuya kada a fizge masa hula ko a ɗaga shi a zaunar. Sannan sanyi, ku Kanawa kuna ganin kun san hunturu, ku tafi da rigar sanyi mai kauri da ta ruwa, hannun da ya sandare ba ya kama birki. Kuma kun gaya wa matanku kuwa ko sai ana gobe?

Abba Zoo Road:
Anti wannan tambayar ta ƙarshe a bar ta tukuna 🙈 Wani abu kuma, ɗaya daga cikinmu ya dage sai mun kai Chappal Waddi da babur, zai yiwu?

Ɗan Gembu:
Ba zai yiwu ba. Shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyaka kuma yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti wanda shi ne mafi girma a ƙasar nan, ba a shiga haka kawai sai da izini daga ofishinsu da ke Serti su haɗa ku da ma'aikacinsu. Babur zai kai ku wajen Njawai, hanyar ma kaɗai ta ishe ku labari, daga can sai ƙafa da masu dako. In kuna so ku ware masa kwanakinsa daban. Ni da za ku ji tawa a zuwan farko ku yada zango a Nguroje ko Gembu kuna fita da safe kuna dawowa, rana ɗaya ku je Kakara ku ga gonar shayin Highland, tudu bayan tudu duk ganyen shayi an aske shi daidai wa daida mata suna tsinka da kwanduna a baya, rana ɗaya ku je dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa, rana ɗaya ku haye Donga. Kayanku suna masauki babur ba nauyi, in wani ya lalace ba ku yi nisa da gari ba. Ga fiya da ayaba kamar banza, ga kindirmo, ku ce a yi muku tuwon masara da miyar kumbi.

Injiniya Mubarak:
Kuma ku tsara jerin tafiya tun a gida. Jagora a gaba, wanda ya fi rauni a tuƙi yana biye da shi, wanda ya fi iya gyara da kayan aiki shi ne ƙarshe. Duk mararraba kowa ya tsaya sai ya ga na bayansa ya hango shi sannan ya wuce, don sabis yana ɗaukewa da zarar ka gangara kwari, ba zancen zan kira shi. Ku bar tazara saboda ƙura, kuma a hawa kada ka manne wa na gabanka, in ta mutu masa baya zai zo.

Baban Amira:
To a wannan tsarin na kwana a gari ai babu abin da zai hana manyan baburan zuwa. Su hau kwalta da su har Gembu su more hawan Mayo Selbe, ranar shiga daji su yi hayar Boxer a gari. Ban sauka daga maganata ba dai, a titin dutsen nan 650 daban ce.

Oga Ladan Bakanike:
Alhaji ai ka sauko kawai ba ka so a ce ka sauko ne 😄 amma na yarda a kwalta taka ce

Abba Zoo Road:
Na tura musu duk abin da aka faɗa. Ɗaya ya yarda zai yi hayar Boxer a can, ɗayan ya ce shi ko za a mutu da nasa zai haye Donga. Ɗan Gembu don Allah ka duba saƙo na yi maka magana ta gefe kan batun jagora da masauki, sati na biyu na Disamba muke sa rai. Kuma wa ya san nawa mota za ta ɗauki babura huɗu daga Kano zuwa Serti?

Kawu Bala Mai Ritaya:
Ka je tashar da ake lodin Jalingo ka tambayi masu ɗaukar kaya, kada ka yarda da farashin farko. Kuma a zuƙe man tankunan kafin a loda.

Sarkin Zolaya:
Shi mai cewa ko za a mutu ɗin nan ku ce ya tafi da kuɗin mutum biyar na masu kwalekwale, canji kuma ba tiransifa ba